Babi na Tara: Ana Iya Binne Hayaƙi?

Duk mai bibiyar labarin ɗumamar yanayi a rediyo, wata rana sai wannan tambaya ta faɗo masa: tun da daga ƙarƙashin ƙasa aka haƙo man fetur da gas da kwal, kuma ƙona su ne ke cika sama da iskar da ke riƙe zafi, me zai hana a tattara iskar a mayar da ita inda aka ɗebo ta? Tambaya ce mai ma'ana, kuma amsarta a taƙaice ita ce ana yi. An ma haura shekara 50 ana yi. Sai dai waɗanda suka fara tura wannan iska cikin ƙasa ba ruwansu da yanayi a lokacin. Masu haƙar mai ne a jihar Texas ta Amurka, rijiyoyinsu sun fara ja da baya, suna neman dabarar da za ta ƙara musu ganga.

Iskar da muke magana a kai ita ce kabon-dayoksaid. Ita muke fitarwa idan mun yi numfashi, ita ke tashi da kumfa idan an buɗe lemun kwalba, ita ce kuma kan gaba cikin iskokin da ɗan Adam ke ɗumama duniya da su. Ba ta da launi, ba ta da wari. Don sauƙi za mu riƙa ce mata iskar kabon.

Man da ke ƙin fitowa

Mutane da yawa sun ɗauka akwai wani tafkin mai a can ƙasa, a zura bututu a yi ta zuƙa har ya ƙafe. Babu tafki. Ɗanyen mai yana maƙale ne cikin 'yan mitsi-mitsin kafofi da ke tsakanin ƙwayoyin dutsen yashi ko dutsen farar ƙasa, galibinsu ido ba ya iya ganinsu. A samansu akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse na daskararriyar laka ko na gishiri, wanda ruwa da iska ba sa ratsa shi. Wannan murfin ne ya tare man tsawon miliyoyin shekaru, ya hana shi tsiyayowa sama. Mai karatu ya riƙe batun murfin nan, domin za mu sake komawa kansa.

Da zarar an huda murfin, nauyin ƙasa da matsin gas da ke cikin dutsen su ke tunkuɗo man waje. Idan matsin ya ragu sai a sa famfo. Duk da haka, abin da ake samu a wannan zagaye na farko bai cika wuce kashi 10 cikin 100 na man da ke wurin ba. Daga nan sai a haƙa wasu rijiyoyi a gefe, a riƙa danna ruwa ta cikinsu don ya koro man zuwa rijiyar da ake ɗiba. Da wannan ana iya kaiwa kashi 20 zuwa 40. Sannan a wayi gari rijiya tana aman ruwa zalla, da ɗan maiƙo-maiƙo a kai. A nan kamfani kan tattara kayansa, alhali man da ya bari a ƙasa ya fi wanda ya kwasa yawa.

Abin da bakanike ya sani

Me ya sa ruwa ke kasawa? Je ka garejin gyaran mota da yamma ka ga yadda bakanike ke wanke hannu. Ko bokiti nawa na ruwa zai zuba, baƙin man da ya shige layukan tafinsa da ƙarƙashin farcensa ba zai fita ba, ruwan zamewa kawai yake yi ta kai ya wuce. Shi ya sa yake tsiyayar fetur kaɗan a hannu ya murza. Fetur yana shiga jikin baƙin man, ya tsinka shi, su zama abu guda, sai su fita tare.

Aikin da iskar kabon ke yi a cikin dutse ke nan, amma sai an matse ta. Idan zafinta ya haura digiri 31 a ma'aunin Selshiyas, matsin da ke kanta kuma ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 73 ko fiye, sai ta shiga wani hali na tsaka-tsaki: nauyinta ya doshi na ruwa, amma tana kutsawa cikin kafofi da sauƙin iska. A zurfin da ya haura mita 800, zafin ƙasa da matsinta sun isa su riƙe ta a wannan hali. Idan ta tarar da mai a can sai ta narke a cikinsa. Man ya kumbura, kaurinsa ya ragu, ya saki jikin dutse ya fara tafiya.

Tana da nata halin, ba shakka. Da yake ta fi mai rashin kauri, takan nemi hanya mafi sauƙi ta yi gaba, ta bar man a gefe. Don haka injiniyoyi ke tura ta bi da bi da ruwa: a danna iska na wani lokaci, a biyo da ruwa, a sake danna iska. Ruwan yana rage mata gudu, yana kuma turo man da ta tsinka.

Wani kaso na iskar yakan fito tare da man. Ba a sakinta. Kamfani da kuɗinsa ya sayo ta, don haka sai a raba ta da man, a sake matse ta, a mayar. A kowane zagaye wani kaso yana maƙalewa a cikin dutse bai dawo ba. A idon mai haƙar mai na wancan zamani wannan asara ce, domin dole ya sayo wata. Abin da yake kira asara shi ne yau ake kira adana iskar kabon.

Texas, 1972

Babban gwaji na farko an yi shi ne a 1972, a filin mai da ake kira SACROC a yammacin Texas. An jawo iskar ta bututu daga wasu masana'antun tace gas da ke kudu da wurin, inda a da ake sakinta a banza. Dabarar ta yi aiki, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, har iskar masana'antu ta kasa wadatar da masu nema.

Abin da ya biyo baya ya kamata a tsaya a kansa. Akwai wuraren da Allah ya taskace iskar kabon tsantsa a ƙarƙashin ƙasa, kamar McElmo Dome da Sheep Mountain a jihar Colorado, da Bravo Dome a New Mexico, da Jackson Dome a Mississippi. Kamfanoni suka je suka huda waɗannan taskoki, suka shimfiɗa bututai. Ɗaya daga ciki, mai suna Cortez, ya kai kimanin kilomita 800 daga Colorado zuwa Texas. Yau Amurka tana da bututan iskar kabon da tsawonsu ya kai wajen kilomita 8,000, kuma shekara da shekaru fiye da kashi biyu cikin uku na iskar da ake dannawa a rijiyoyin manta daga irin waɗannan taskoki take fitowa. Wato an tono iskar da ke kwance lafiya a wani rami, an kai ta wani ramin, don a fito da man da za a ƙona. Ko da sisin kwabo wannan bai rage wa sararin sama nauyi ba.

A gefe guda, taskokin nan sun ba da wata hujja mai ƙarfi. Idan dutse ya riƙe iskar kabon miliyoyin shekaru ba tare da kowa ya kula da shi ba, to binne ta ba tatsuniya ba ce, in dai an dace da wuri.

Akwai kuma inda aka yi amfani da iskar masana'anta da gaske. Tun 2000 filin mai na Weyburn a lardin Saskatchewan na Kanada yake karɓar iskar kabon daga wata masana'antar sarrafa kwal zuwa gas da ke Beulah, a North Dakota ta Amurka, ta bututu mai tsawon kilomita 320. Masana daga ƙasashe da dama sun shafe shekaru suna auna wurin, kuma da yawa daga abin da aka sani game da zaman iskar a tsohon filin mai daga can aka koya.

Harajin da ya sauya lissafi

Binne iskar don binnewa kawai, ba tare da neman mai ba, a Norway aka fara shi da girma. A 1991 ƙasar ta sa haraji a kan iskar kabon da kamfanonin mai da gas ke saki a teku. Kamfanin Statoil, wanda yanzu ake kira Equinor, yana da filin gas mai suna Sleipner a Tekun Arewa. Gas ɗin wurin yana ɗauke da iskar kabon kimanin kashi 9 cikin 100, masu saye kuma ba sa karɓar wanda ya wuce kashi 2.5. Ko ana so ko ba a so sai an tace ta. Abin da ya rage shi ne a sake ta a biya haraji, ko a nema mata wurin zama. Da aka buga lissafi, binnewa ta fi sauƙi. A 1996 aka fara danna ta cikin wani ƙaton shimfiɗin yashi mai cike da ruwan gishiri, mai suna Utsira, kimanin mita 1,000 a ƙarƙashin teku, da shirin tan kusan miliyan 1 a shekara.

Me ke riƙe ta a can? Da farko murfin dutse ne. Iskar ta fi ruwan gishiri rashin nauyi, don haka takan taso har ta tokare da murfin, sannan ta bazu a ƙarƙashinsa. A kan hanyarta tana barin ɗigo-ɗigo a cikin kafofi, waɗanda ba za su ƙara motsi ba. Da tafiya ta yi tafiya sai ta riƙa narkewa cikin ruwan gishirin, ruwan da ya sha ta kuma yakan ƙara nauyi ya nutse ƙasa. A ƙarshe wani kaso yana haɗuwa da ma'adinan dutse ya zama dutse shi ma, amma a dutsen yashi wannan na iya cin ɗaruruwa ko dubban shekaru. Ma'ana, haɗarin ya fi yawa a shekarun farko, yana raguwa da tsufan taskar. A Iceland, inda ƙasar take ta baƙin dutsen aman wuta, aikin Carbfix ya narkar da iskar a ruwa kafin a tura ta, aka kuma ba da rahoto a 2016 cewa fiye da kashi 95 cikin 100 ta zama dutse cikin ƙasa da shekara biyu. Sai dai hanyar tana shan ruwa sosai, kuma ba ko'ina ake da irin dutsen ba.

A Sleipner ana bin sawun iskar ta hanyar aika amo cikin ƙasa daga jirgin ruwa, a naɗi yadda yake dawowa, kwamfuta ta zana hoton abin da ke ciki. Hotunan sun nuna abin da ba a zata ba. Maimakon ta taru wuri guda a ƙarƙashin murfi, iskar ta rabu hawa tara, saboda wasu siraran shimfiɗun laka da ba a san da su ba kafin a fara. Ba ta ɓulle ba. Amma wannan ya nuna cewa ko a wurin da aka fi bincika, ƙasa tana ɓoye wani abu.

Idan ta ɓulle fa?

Mutanen Kamaru ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da iskar kabon ke iya yi. A daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin ƙasar ya amayar da iskar da ta daɗe tana taruwa a ƙasansa daga dutsen aman wuta. Da yake ta fi iskar shaƙa nauyi da kusan rabi, sai ta gangara kwari ta mamaye ƙauyuka. Mutum fiye da 1,700 suka rasu, da yawansu a cikin barci, ciki har da Fulani makiyaya, tare da dabbobi kimanin 3,500.

Duk wanda aka ce za a binne miliyoyin tan na wannan iska kusa da garinsu yana da haƙƙin ya tuna Nyos. Amma yanayin biyu sun bambanta. A Nyos ruwa ne kaɗai ya danne iskar, da ruwan ya motsa sai ta fashe gaba ɗaya. Wadda ke warwatse cikin kafofin dutse a zurfin kilomita guda ba ta da hanyar fitowa a lokaci ɗaya. Idan za ta tsere, ta tsaga a dutse za ta bi, ko kuma, wanda ya fi yiwuwa, ta tsohuwar rijiya da ba a toshe da siminti yadda ya kamata ba. Tsofaffin filayen mai kuwa cike suke da irin waɗannan rijiyoyi, kowace ɗaya huji ce a jikin murfin.

A In Salah, cikin hamadar Aljeriya, kamfanonin BP da Sonatrach da Statoil sun binne kimanin tan miliyan 3.8 daga 2004. Dutsen wurin matsattse ne, sai da ƙarfi iskar ke shiga. Tauraron ɗan Adam ya gano ƙasar da ke saman rijiyoyin tana ɗagowa da 'yan milimitoci a shekara, an ga ɗan yoyo a wata tsohuwar rijiya aka toshe ta, alamu kuma suka nuna matsin ya fara tsaga ƙasan murfin. A 2011 aka dakatar. A Gorgon, a tsibirin Barrow na Ostireliya, Chevron ya gina aikin da aka tsara zai binne har tan miliyan 4 a shekara. Sai 2019 aka fara, shekara uku bayan masana'antar gas ɗin ta kama aiki, kuma yashi ya riƙa toshe rijiyoyin da ke zuƙe ruwa don rage matsi. Shekaru da dama abin da ake binnewa bai kai rabin abin da aka tsara ba.

Hatsarin da ya fi taɓa mutane kai tsaye kuwa a saman ƙasa ya faru. A Fabrairun 2020, bayan ruwan sama mai yawa ya zaftare ƙasa, bututun iskar kabon ya fashe kusa da ƙauyen Satartia a Mississippi. An kwashe mutum wajen 200, aka kai 45 asibiti. Motocin wasu masu gudu sun mutu a hanya, domin inji ma sai da iskar shaƙa yake aiki.

Lissafin ganga

A nan gizo ke saƙar. Gangar mai guda, wato lita 159, idan an ƙona ta tana fitar da iskar kabon kimanin kilo 430, ban da wadda ake fitarwa wajen haƙowa da tacewa da dako. A filayen Amurka kuwa, iskar da ake binnewa don samun ganga guda tana tsakanin kilo 300 zuwa 600. Ka ga ke nan, ko da dukkan iskar daga bakin masana'anta aka kamo ta, abin da ya shiga ƙasa da abin da zai fita ta salansar mota kusan kunnen doki suke yi.

Masu kare dabarar suna cewa duniya za ta sayi wannan ganga ko ta halin ƙaƙa, in ba daga Texas ba to daga wani wuri inda ba a binne komai ba, don haka gara wadda aka biya wani ɓangare na bashinta. Masu suka suna cewa ƙarin mai a kasuwa yana karya farashi, farashi mai sauƙi kuma yana ƙara sha, ga shi ana tsawaita ran filayen da ya kamata a rufe. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. A ganina, gangar da aka fitar da iskar masana'anta ta fi gangar da aka fitar ba tare da ita ba, amma kiranta maganin ɗumamar yanayi wuce gona da iri ne. Tufka da warwara ce, sai dai tufkar ta ɗan rage ɓarnar warwarar.

Akwai wani rauni kuma, na dogaro da farashin mai. Petra Nova, kusa da Houston, an gina shi a kan kuɗi kusan dala biliyan 1 don kama iskar kabon daga tashar lantarki mai ƙona kwal, a aika da ita wani tsohon filin mai. Ya fara aiki a ƙarshen 2016. Kama iskar yana cin wuta sosai, har sai da aka haɗa shi da wata ƙaramar tashar gas ta musamman, wadda ita nata hayaƙin sama yake tafiya. Da annobar korona ta karya farashin mai a 2020, kwalliya ta daina biyan kuɗin sabulu, aka kashe injinan, tashar kwal ta ci gaba da sakin hayaƙinta kamar da. Sai 2023 aka sake kunna su.

Gwamnatin Amurka ta gane cewa kuɗi ne ke juya akalar. Dokar da ta yi a 2022 ta ba da rangwamen haraji na dala 85 kan kowane tan da aka binne kurum, da dala 60 kan wanda aka tura don fito da mai. A 2025 wata sabuwar doka ta daidaita su. Wanda ya ga yadda haraji ya haifi Sleipner zai fahimci inda wannan daidaitawa za ta karkata masu zuba jari.

Sai batun yawa. Duk ayyukan kama iskar kabon da ke aiki a duniya, idan an haɗa su, ƙarfinsu yana wajen tan miliyan 50 a shekara, kuma mafi yawanta rijiyoyin mai take tafiya. Abin da ake fitarwa daga ƙona mai da gas da kwal da yin siminti ya kai tan biliyan 37 a shekara. Kimanin kashi 1 cikin 700 ke nan, bayan rabin ƙarni ana aiki. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Shi ya sa idan kamfani ya yi shelar ya binne tan kaza, yana da kyau a tambaye shi daga ina iskar ta fito, ganga nawa ta fitar, kuma wa zai ci gaba da duba rijiyoyin bayan shi ya tashi.

Inda babu wata mafita

Duk da haka, sana'ar da Texas ta koyar, ta matse iska da jigilarta da danna ta cikin dutse, tana da wurin da ake matuƙar buƙatarta. Tashar lantarki ana iya maye gurbinta da hasken rana ko iska ko madatsar ruwa. Siminti fa? Idan aka gasa dutsen farar ƙasa, dutsen da kansa ne ke sakin iskar kabon, ko da wane irin makamashi aka hura wutar. Fiye da rabin hayaƙin masana'antar siminti daga nan yake. A 2025 Norway ta fara ɗaukar iskar da aka kama a masana'antar siminti ta Brevik a jirgin ruwa, ana danna ta kimanin mita 2,600 a ƙarƙashin teku, a aikin da ake kira Northern Lights, ba tare da an nemi ko ɗigon mai ba.

Wannan ya kawo mu gida, domin buhunan da ke fitowa daga Kalambaina a Sakkwato da Ashaka a Gombe da Malbaza a Nijar duk ta wannan gashi suka biyo. A babi na gaba za mu shiga cikin masana'antar siminti, mu ga yadda ake tsamo iskar kabon daga cikin hayaƙi tun kafin a kai ga binne ta, da abin da hakan zai ƙara a kan farashin buhu guda.